Maɓallin Warware

Da can, idan mai saƙar faifai ta yi kuskure, kuskuren yana nan a hannunta. Sai ta zare kabar, ta bi baya zagaye bayan zagaye har ta iske inda ta karkace, ta ɗora daga nan. In ta ga dama ta warware har cibiya. Kabar na nan, ba abin da ya tafi sai yini. Haka na taso na gani a Tasawa, haka kuma na iske a duk inda ƙafata ta kai ni: masaƙa a Kano, masu ɗinkin fata a Agadas, masu gyaran koma a bakin teku a Abijan. Kowa na iya komawa baya iyakar tsawon zarensa, kuma yana ganin tsawon da idonsa. Yanzu aikin ya koma cikin waya. A can ma ana komawa baya, sai dai ba ka ganin inda zaren ya ƙare sai ka kai wurin.

Tafinta na yi a rayuwata. Na bi fataken shanu da na ƙirgi, daga baya na bi masu aikin rijiyoyi, ina juya magana daga Faransanci zuwa Hausa, daga Larabci zuwa Faransanci, wani lokaci daga Turancin Ingila zuwa abin da ya samu. Da gwiwa ta gaza na dawo gida na zauna.

Matata ɗiyar makiyaya ce daga arewacin Isawan. Da Fillanci ta buɗe baki, Hausa ta biyo baya a kasuwa wajen tallan nono. Ba ta taɓa taka lakwal ba, wato makarantar boko. Sai da ƴaƴanmu suka yi aure suka watse, ta shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu, ta koyi baƙaƙe tana da furfura. Tun tana yarinya take saƙar faifai, kuma ba ta taɓa barin karkatacce ya fita daga ɗakinta ba.

Mutum na uku a wannan labari ɗiyar ƙanwata ce. Ta yi karatun ordinata, wato kwamfuta, a Yamai, ta dawo Maraɗi tana aiki. Ita ta ƙera wani shafi na intanet saboda irin waɗannan azuzuwa. In aka buɗe shi sau ɗaya a waya, yana ci gaba da aiki ko babu rezo, wato sabis, mace ta rubuta abin da take so, shafin ya riƙa adana mata da kansa. Maɓallan duk da Faransanci suke, shi ya sa wata rana ta sauka gidanmu da jakarta a kafaɗa.

“Kawu, aiki na kawo maka. Kullum kana cewa mun ɓata Hausa. To ga ta, gyara.”

“Nawa za a biya ni?”

“Goro biyu. Ɗaya in ka fara, ɗaya in ba ka yi mini huɗuba ba.”

Muka zauna a rumfa. Buɗe, rufe, adana, share, duk suka tafi ba gardama. Sai muka zo kan wata kibiya mai lanƙwasa da ke kallon hagu, wadda ke janye abin da mutum ya yi na ƙarshe. Faransawa sun rubuta annuler a ƙarƙashinta. Ban taɓa son wannan kalma ba. Da ita suke soke tafiyar jirgi, da ita suke kashe yarjejeniya, kuma ita ce dai suke sa wa maɓallin fasawa. Larabawa sun ce ja da baya, kamar rundunar da aka fi ƙarfi. Ta Ingilishi ta fi kusa, don ma’anarta a kwance abin da aka ƙulla. Na daɗe ina juya su. Matata na gefe tana saƙa, ta zare kaba daga faifan da ke cinyarta, tana tsaki.

“Ga ta nan,” na ce. “Warware.”

Yarinyar ta tafa hannu, ta rubuta. Amma kafin ta wuce ta ce, “Kawu, ka san fa ba ya warwarewa har abada. Yana da iyaka.”

Ta yi mini bayani, kuma na fahimta a ranar, ko na ɗauka na fahimta. Duk abin da mutum ya canja a rubutunsa, shafin yakan riƙe yadda rubutun yake kafin canjin, don in an nemi komawa a samu wurin komawa. Waɗannan tsofaffin kamannin suna taruwa a cikin wayar. Farkon da ta ƙera shafin ba ta zubar da ko ɗaya. Da aka kai shi ajin Korgom, inda wayoyin mata tsofaffi ne masu ƙaramin ciki, sai wayar ta yi zafi, ta yi nauyi, shafin ya rufe kansa ana tsakiyar rubutu. Mata suka ce abin yana da aljanu, suka koma alli da allo. Dole ta yanke. Ta sa shafin ya riƙe taku na baya-bayan nan kawai, abin da bai kai ɗari ba. Duk takun da ya shigo ta gaba, mafi tsufa ya faɗi ta baya.

“Kamar sawu ne a hanyar kasuwa,” na ce. “Mai bin saniyarsa yana ganin na kusa, na nesa garke ya taka.”

“Haka ne. Amma ya isa, Kawu. Ni da wannan takun ina komawa baya shafi da shafi.”

Na ce to. Na ci gorona biyu.

A shekarar ne mantuwa ta fara kama matata. Da fari abin dariya ne a gida. Ta sa gishiri sau biyu, ta nemi mayafin da ke kanta. Daga baya ta kira jikarmu da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ba mu yi aure ba, ta kuma yi fushi da yarinyar ba ta amsa ba. Wata rana ta fita sayen kuka, wata maƙwabciya ta dawo da ita daga bakin tasha, ta ce ta iske ta tsaye tana duban motoci. Na kai ta likita a Maraɗi. Likitan ya yi mini magana da Faransanci don kada ta ji, ya ce abin ba ya komawa, sai dai a lallaɓa. Na yi shekaru ina juya maganar mutane, ranar ce kawai na ƙi juyawa. A mota ta ce, “Ba sai ka faɗa ba, Malam. Na ga fuskarka.”

Bayan ƴan kwanaki ta ce in buɗe mata shafin ƴar nan a wayata.

“Me za ki rubuta?”

“Inna tawa. Rugarmu. Rijiyoyin da muke bi in rani ya yi, da jerinsu. Waƙar da take yi in tana kaɗa nono. Yanzu suna nan, ina ganin su. In na kai inda ban san kowa ba, sai ka riƙa karanta mini, in san ɗiyar wace ce ni.”

Ta faɗe shi kamar mai saƙon cefane. Ƴan uwanta na ciki ɗaya duk sun rasu. Waɗanda suka rage daga danginsu sun yi kudu da shanu tun shekarun fari, ba mu san inda suka tsaya ba. Ƴaƴanmu a gari suka tashi, Fillancinsu bai wuce gaisuwa ba. In ba ita ba, ba wanda ke riƙe da wannan matar a duniya.

Na ce ta faɗa ni in rubuta, ko mu ɗauki muryarta. Ta ƙi. Ta ce murya da kunya, kuma ni in na rubuta zan gyara, in mayar da uwarta ƴar boko. Da hannunta take so. Alƙalami kuwa ya fara yi mata gardama saboda rawar hannu, baƙaƙen na hawa juna. A waya baƙi yana fitowa tsaf ko hannu na rawa.

Tsoron wayar kawai take yi. Takan riƙe ta nesa da jiki kamar kwanon miya mai zafi.

“In na ɓata fa?”

“Kin ga wannan kibiyar? Karanta abin da ke ƙasanta.”

Ta haɗa baƙaƙen a hankali. “Wa… war… ware.” Ta yi dariya. “Kamar faifai?”

“Kamar faifai.”

“Har cibiya?”

“Har inda kike so,” na ce.

Daga nan ta saki jiki. Kullum bayan ta karya, sai ta zauna a ƙofar ɗaki da wayar a cinya, ta sa ɗan yatsa ɗaya. Ta nemi baƙi, ta same shi, ta danna, ta ɗaga kai ta yi tunani, ta nemi na gaba. Kalma ɗaya kan ɗauke ta abin da zai isa a sha kofin shayi. Damina ta shigo ta iske ta a haka, aka yi girbi tana nan. Wani lokaci in ji ta tana dariya ita kaɗai, wani lokaci tana rera wani abu ƙasa-ƙasa da Fillanci, tana neman yadda za ta sa shi a baƙaƙen Hausa. In na leƙo sai ta kife wayar.

“Kauce, tafinta. Sai na gama.”

“Layi ɗaya kawai.”

“Ka gani ka ce na bar wasali. Ka je ka gyara wa Larabawa.”

Ban karanta ba. Na ga dai tsawonsa in ina sa wayar a caji, rubutu ne da sai an yi ta jan yatsa kafin a kai ƙarshensa.

Ranar da abin ya faru na tafi Mayahi gaisuwar mutuwar wani abokin tafiyata. Na bar mata wayar. Da na dawo da la’asar na same ta a wurinta, fuskarta a sake, har da fara’a.

“Sannu da hanya, Malam. Abin nan naka ya share, amma ba komai. Ka sha ruwa ka zo ka warware mini.”

Na karɓa. Rubutun da ke shafin bai fi layi bakwai ko takwas ba. Na ja sama, ba komai. Na ja ƙasa, ba komai.

A hankali na gane abin da ya faru. Yatsanta ya daɗe a kan gilashin, rubutun duka ya yi shuɗi, ita kuma ta danna baƙi. Wannan baƙi ɗaya ya maye gurbin komai. Ta tuna akwai maɓallin warwarewa, amma ta manta wanne ne, ta ji tsoron taɓa wani ta ƙara ɓarna. Kuma da safen nan ne wani baiti na waƙar uwarta ya dawo mata, wanda ta daɗe tana nema. Sai ta ce bari ta rubuta shi kafin ya gudu, tunda tsohon yana nan ajiye, maigida zai warware in ya dawo. Da faifai ne, daidai ta yi.

Na ɗauko takarda na kwafe layukan ranar tukuna. Sannan na danna kibiyar.

Baƙi ɗaya ya ɓace. Na sake dannawa, wani ya ɓace. A nan na tuna maganar yarinyar a rumfa, kuma na ga kowane dannawa baƙi ɗaya yake ci. Na ci gaba. Layin ƙarshe ya tafi baƙi-baƙi daga dama zuwa hagu, na bisansa ya bi shi. Matata ta matso tana kallo ta kafaɗata, tana cewa, “Yawwa, yana warwaruwa.” A tsakiyar wata kalma, da sauran layuka a sama, kibiyar ta dushe ta koma toka-toka. Na danna, ba ta motsa ba. Na danna da ƙarfi. Kalmar da na zaɓa tana nan a ƙarƙashinta.

“Ci gaba mana,” in ji ta.

“Ya tsaya.”

“To ka zare daga can.”

Na fita ƙofar gida na kira ɗiyar ƙanwata da wayar maƙwabci. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Kawu, kada ka rufe shafin, kada wayar ta mutu. Ina zuwa.” Washegari ta iso a motar farko. Ko mayafi ba ta cire ba ta haɗa wayar da ordinatarta, ta yi ta bincike har azahar ta wuce, abincin da aka ajiye mata ya huce. Shafin yana adana rubutu yadda yake a yanzu ne kawai, kuma ya yi aikinsa da aminci: da baƙin nan ɗaya ya maye komai, nan take ya adana shi a kan tsohon. Babu kwafi a wani wuri, don an yi shafin ne ya zauna a waya ba tare da rezo ba. Hanya ɗaya ta komawa ita ce takun nan, kuma takun da ke riƙe da tsohon rubutun ya faɗi ta baya tun kafin in bar Mayahi.

“Kin ce shafi da shafi kike komawa,” na ce. Ba da faɗa na faɗa ba.

Ta rufe fuska da hannu biyu. Da ta buɗe ta ce, “Ni da sauri nake rubutu, Kawu. Na sa shi ya haɗa duk abin da aka buga a jere ya zama taku ɗaya, sai an dakata ya fara sabo. Ni jimla guda taku ɗaya ce. Inna matarka kuwa tana dakatawa bayan kowane baƙi.” Ta dubi ƙofar ɗakin. “Na gwada shi a wayoyi iri-iri. Ban gwada shi da hannu irin nata ba.”

Matata ce ta fito ta lallashe ta. Ta dafa kanta ta ce, “Haba ɗiyata, kuka a kan rubutu? Ai ni na yi shi. Sai in sake.”

Ta gwada. Na sa mata wayar a cinya da safe kamar da, ta rubuta sunan rijiya ta farko, ta tsaya. Ta tambaye ni wace ke biye. Na ce ban sani ba, ni ban taɓa bin hanyar ba. Ta ce ƙarya nake, ai tare muka tafi, ina riƙe da ɗan maraƙi. Yayanta take nufi. Na ce ta bar rubutun ta faɗa mini da baki, ba zan gyara ko wasali ba. Ta yarda a wannan karon. Muna samun guntu yau, gobe ta ce ba haka ba ne, jibi ta tambaye ni wa ya gaya mini. Watannin da ta yi tana rubutun su ne na ƙarshe da abubuwan ke jere a kanta. Har ina zargin da ta sa su a waya sai ta sake su, yadda mutum ke sauke kaya in ya ga ya iso.

Na hau kabu-kabu na je Isawan ranar kasuwa, na zaga wurin masu nono ina tambayar tsofaffi. Sun san waƙoƙin kaɗa nono, kowace da ta gidansu. Na karanta musu layukan da ke takardata, wata tsohuwa ta ce salon na mutanen arewa ne da suka tashi tuntuni, ta ba ni nono a ƙwarya ta ce Allah ya ba mai jiki sauƙi.

Yarinyar ta koma Maraɗi ta sake ƙera abin. Yanzu taku kalma ce, komai jinkirin mai rubutu. In za a share abu mai yawa, shafin yana tambaya tukuna, kuma yana ajiye abin da aka share a gefe. Kowace rana yana ɗaukar kwafi guda. Don a samu wurin wannan a ƙananan wayoyi sai da ta cire hotunan da ke cikin darussa, matan Korgom kuma suka yi ƙorafi, don hotunan ne ke sa su dariya. Ta ce mini ko yanzu akwai iyaka, ba yadda za a yi waya ta riƙe komai. Abin da ta iya shi ne ta sa iyakar a inda ido zai gan ta.

Ta kira ni kan kalmar. “Kawu, a bar ta?”

Na ce a cire. Kalma ce mai kyau, ita ta fi dacewa da abin da Bature ya nufa, amma duk macen da ta taɓa riƙe kaba za ta ji ta yadda matata ta ji. Muka sa “taku baya”. A gefensa akwai ɗan adadi da ke raguwa in ana dannawa, mutum ya san saura nawa. Ba daɗi a baki. A kasuwannin da na yi tafinta na sha zaɓar kalma mai daɗi in bar mai kaushi, ciniki ya faɗa, kowa ya tashi yana murna. Wannan karon na bar mai kaushin.

Matata tana nan da rai. Tana cin abinci in an ba ta, tana salla in na tsaya kusa ina ja mata. Hannunta bai manta kaba ba. Takan saƙa zagaye uku ko huɗu, ta duba, ta yi tsaki, ta warware har cibiya, ta sake. Faifai ɗaya ke hannunta tun bara.

Da hantsi nakan zauna kusa da ita in ɗauko takardar. Layukan ranar nan ne kawai, da ƴan guntayen da ban tabbatar da su ba. Baitin yana maganar wata saniya mai farin goshi da ta ƙi shan ruwa sai an kira ta da sunan uwarta. Ina karantawa yadda ta rubuta, da wasullan da ta bari. Wani lokaci takan ajiye kabar ta saurara.

“Da daɗi,” takan ce. “Wa ya yi?”

“Innarki.”

“Allah sarki. Sauran fa?”

Nakan ce iyakarsa ke nan. Tun daga wancan lokaci ba ta sake rubuta komai ba, kuma abin da ya rage na uwarta a duniya shi ne abin da ke kan wannan takarda.